Ku daina zuga mai karayar baya ya koma kan bishiya

1/ Jama'a, yau zan taɓo 'yan majalisa, kuma na san wasu za su ji haushi. Magana ce a kan mutumin da ya faɗo daga bishiya, ƙashin bayansa ya karye, Allah ya sa ya tashi da ƙafafunsa. Ya koma hawa ko ya haƙura? Zaren zai yi tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Ga matsayata tun da wuri, kada wani ya ce na yi ta kewaye-kewaye. Duk wanda ya zuga mai karayar baya ya sake hawa kuka ko gawo, ba hoton asibiti, ba igiya, to ingiza mai kantu ruwa ya yi. Ko da kuwa a ransa yana ganin ƙarfafa masa gwiwa yake yi.

3/ 'Yan birni za su ce wa ke hawan bishiya a wannan zamanin? Ku zo Makoda ku gani. Da kaka ana hawan kuka a saro ganye. Da rani ana hawan gawo a saro wa awaki da tumaki rassa, domin shi gawo da rani yake da ganye. Da bazara kuma ga ɗorawa, ga mangwaro.

4/ Wato shekara ba ta ƙarewa sai wani yana sama. Miyar kukar da ka sha jiya, akwai wanda ya taka turakun da aka kafa a jikin kuka ya hau, ba takalmi, adda a hannu, sannan ganyen ya iso tukunyar gidanku. Sana'a ce, mutane ke ci da iyali da ita.

5/ Ni ɗalibi ne, ina aji huɗu a sashen gashin ƙashi. Kuma baffana, ƙanin mahaifina, yana cikin mutanen da nake magana a kansu. Da kakar da ta wuce reshen kuka ya ɓalle da shi. Ya faɗo da mazaunai. Yanzu yana tafiya, alhamdu lillahi, amma a hankali.

6/ Tun da gawo ya yi ganye masu dabbobi suka fara sallama a ƙofar gida. Da ya ce su yi haƙuri, sai majalisa ta ɗauka. "Wane ya zama rago." "Faɗuwa ɗaya ta sa shi tsoro." "Da can ma wa ke tsare shi in ba Allah ba?" Da dariya ake faɗa, amma tana shiga.

7/ To bari mu fara da jikin kansa, domin yawancin masu zugar ba su san me ya karye ba. Ƙashin baya ba sanda ɗaya ba ce. Ƙananan ƙasusuwa ne 33 a jere: 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji, 5 a ƙugu, sauran 9 a can ƙasa, galibinsu a manne da juna.

8/ Ka ɗauka carbi ne. Ƙwayoyin su ne ƙasusuwan, zaren da ya ratsa tsakiyarsu shi ne laka. Duk saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa ƙafa, da duk abin da ƙafa ke ji ta mayar wa ƙwaƙwalwa, ta wannan zaren yake bi. Ƙwaya in ta tsage tana haɗewa. Wannan zaren in ya tsinke ba ya ƙulluwa.

9/ Wanda ya faɗo a tsaye ko da mazaunai, inda ya fi karyewa shi ne mahaɗar ƙirji da ƙugu, wurin da likitoci ke rubuta wa T12 da L1. Sama da nan haƙarƙari ya riƙe baya gam, ƙasa da nan baya na lanƙwasuwa. Sai ƙarfin faɗuwar ya taru a tsakani. Na baffa L1 ce ta lotse.

10/ Kuma a daidai nan laka take ƙarewa, wajen L1 zuwa L2. Daga nan sai jijiyoyi su bazu kamar jelar doki. Su ke kula da ƙafafu, da riƙe fitsari, da riƙe bayan gida, da kwanciyar iyali. Mai cewa "ai namiji ba ya tsoro", ka ji fa. Mazantakar da kake zuga shi da ita, ta nan wayarta ta bi.

11/ Yanzu lissafin 'yan sakandare. Wanda ya faɗo daga tsayin mita 5, cikin kusan daƙiƙa ɗaya yake isa ƙasa, da gudun kusan kilomita 36 a awa. Daga mita 10 kuwa, kusan kilomita 50 a awa. Ka ɗauka babur ne a guje ya daki katanga, kai ne babur ɗin.

12/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa ce ta biyu wajen kashe mutane cikin haɗurran da ba da gangan ba, bayan haɗarin hanya. Kusan mutum 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. Wato irin namu.

13/ A rahotonta na 2013 kuma ta ce mutum 250,000 zuwa 500,000 ke samun rauni a laka duk shekara a duniya. Faɗuwa da haɗarin mota su ne kan gaba wajen jawo shi. Saboda haka ba wani abin al'ajabi ba ne da ya sauka a unguwarku kaɗai. Abu ne sananne, kuma an san hanyarsa.

14/ Hujjar farko ta 'yan zuga: "Ai ya warke, ba ga shi yana zuwa masallaci da ƙafarsa ba?" Malam, tafiya a ƙasa daban, tsayuwa da ƙafa ɗaya a kan turke kana sara da hannu ɗaya daban. Ciwo ya lafa ba shi ne ƙashi ya haɗe ba.

15/ Irin wannan karayar kan ɗauki wajen wata uku kafin ƙashi ya haɗe, wani lokaci fiye. Ko ya haɗe, sau da yawa ƙashin da ya lotse ba ya komawa tsayinsa na da. Ga naman baya da na cinya da suka saki saboda doguwar kwanciya. Ido ba ya ganin wannan daga kan benci.

16/ Ga wani abu da ba a faɗa. Mai hawa da ƙafa yake gani. Tafin ƙafarsa ke gaya masa turke ya ruɓe ko reshe na shirin ɓallewa. In jijiya ta taɓu, ƙafa na yin dindiris ko yatsu sun rage ƙarfi, to saƙon zai iso a makare. A sama kuwa, daƙiƙa ɗaya kawai gare ka.

17/ Sai masu ba da shawarar "ka sha ƙwaya biyu ka hau, ba za ka ji komai ba". Tramadol suke nufi, mun sani. Ita ba ta ɗora ƙashi, ƙararrawar kawai take kashewa. Ga jiri, ga gyangyaɗi, in an yi mata yawa har farfaɗiya take tayarwa. Wannan za ka ba mutum ka tura shi mita 10 sama? Haba.

18/ Hujja ta biyu: "Komai ƙaddara ce, ko a kan tabarma in kwana ya ƙare sai an tafi." Gaskiya ne, babu mai ja. Amma mai faɗar haka yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu, yana ɗaure babur ɗinsa da sarƙa. Sai a kan bayan wani ne tawakkalinsa ke tashi?

19/ Tun muna Islamiyya aka ba mu labarin mai raƙumin nan da aka umarta ya ɗaure abinsa tukuna. Kowa ya san shi. Igiya a ƙugun mai hawa ita ce ɗaurin raƙumin. Hoton asibiti shi ne ɗaurin raƙumin. Ba rashin imani ba ne, kuma duk malamin kirki zai gaya maka haka.

20/ Akwai kuma masu cewa mutanen ɓoye ne na jikin kukar suka ture shi, a yi turare a ba su haƙuri, shi ke nan sai ya koma. Ba zan shiga wannan muhawarar ba. Abin da na sani shi ne icen kuka laushi gare shi kamar soso, jikinta santsi ne, reshenta na ɓallewa ba gargaɗi. A fara da wannan.

21/ Hujja ta uku ta mu ce, 'yan waya. Masu yanko bidiyon Turawa masu hawan dutse, a sa kiɗa mai taushi, a rubuta cewa wanda ya faɗi ya tashi shi ne gwarzo. Har an turo min ɗaya a WhatsApp an ce in nuna wa baffa. To mu duba labarin nasu da kyau, tunda su ne hujjar.

22/ Alex Honnold, Ba'amurke. A 2016 ya faɗo saboda igiyar da ake sauke shi da ita ta gaza tsawo, ƙasusuwa biyu na bayansa suka lotse. A watan Yunin 2017 ya hau dutsen El Capitan, mai tsayin kusan mita 900, ba igiya, cikin ƙasa da awa huɗu. Wannan ɓangaren ake nuna muku.

23/ Wanda ba a nunawa: karayarsa ba ta taɓa laka ba. Likitoci sun duba shi. Ya shafe fiye da shekara yana bin wannan hanyar da igiya, yana haddace kowane matakin ƙafa. Kamfanoni ne ke ɗaukar nauyinsa, ba wanda zai kwana da yunwa a gidansa in ya ce yau ba zai hau ba.

24/ Ga kuma Mark Wellman. Shi a 1982 ya faɗo, lakarsa ta taɓu, ƙafafunsa suka shanye. A 1989 ya hau wannan El Capitan ɗin da ƙarfin hannu, yana jan jikinsa sama kusan sau 7,000. Amma a ɗaure da igiya, tare da abokinsa Mike Corbett. Kuma ƙafafun ba su dawo ba.

25/ Kun ga darasin? Shi kansa gwarzon da ake yi mana kwatance da shi, da igiya da abokin tafiya ya koma. Masu hawan dutse na gaske da bel a ƙugu suke hawa, da igiya, da mutum a ƙasa yana riƙe. Mu kuma mun yanko jarumtar mun bar igiyar a can Amurka.

26/ Ba ma sai mun je Amurka ba. Masu hawan kwakwar manja a Kudu da igiya suke zagaye kansu da bishiya. Masu hawan dabino a Iraƙi haka. Ma'aikacin wutar lantarki in zai hau turke bel yake ɗaurawa. Duk waɗannan ragwaye ne, sai mu ne maza?

27/ Yanzu hujja ta huɗu, wadda ita ce mai nauyi, kuma ba daga 'yan zuga ta fito ba. Na ce, "Baffa, duk wanda ya zo ka ce masa likita ya hana." Ya yi murmushi ya ce, "To ɗana, likitan ne zai auno mana gero?" Wannan tambayar ba a amsa ta da turancin aji.

28/ Na yarda, yunwa gaskiya ce. Duk wanda ya ce wa talaka "ka daina kawai" ya juya ya tafi, bai fi ɗan zuga da komai ba. Amma mu yi lissafin har ƙarshe. A gefe guda ladan yini ɗaya. A ɗaya gefen me ke jira in aka sake faɗowa a kan ƙashin da bai gama haɗewa ba?

29/ Keken guragu a garin da hanyarsa yashi ce. Robar fitsari da ake canzawa, da ciwon mafitsara da ke biyo ta. Gyambon kwanciya a mazaunai, wanda shi kaɗai yana iya kashe mutum. Mutum biyu da za su bar aikinsu suna juya shi dare da rana. A sayar da akuya, a sayar da sa, a jinginar da gona.

30/ A ranar, wa zai zo? Mai gawon zai zo dubiya sau ɗaya da lemo a leda, ya ce Allah ya sawwaƙe. Majalisa za ta ce "wane ai akwai taurin kai, an ce ya huta ya ƙi." Wallahi bakin da ya ce rago, shi zai ce mai taurin kai. Matarsa da 'ya'yansa ne za su zauna da abin.

31/ Najeriya na da dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki tun 2010, hukumar NSITF ke kula da ita. To mai hawan gawo da aka yi ciniki da shi a bakin hanya, wa ya yi masa rajista? Ba shi da fansho, ba shi da inshora. Bayansa shi ne jarinsa gaba ɗaya. Ba a caca da uwar kuɗi.

32/ Kada kuma a juya min magana. Ban ce ya kwanta a tabarma har abada ba. Doguwar kwanciya ita ma cuta ce, tana cinye nama, tana raunana ƙashi, tana kashe zuciya. In likita ya ba da izini, tafiya da motsa jiki da aikin ƙasa su ne maganin. Sama ce kawai muke jayayya a kanta.

33/ To yaushe zai iya komawa? Sharuɗɗa uku, kuma tare suke tafiya. Na ɗaya: a sake hoton baya, likitan ƙashi ya duba ya ce ya haɗe, ya zauna daram, kuma ya yarda da irin wannan aikin. A gaya masa gaskiya cewa hawan bishiya ne, kada a ce masa "ɗan aikin gona".

34/ Na biyu: ƙarfi da ji sun dawo ƙafafu biyun daidai. Zai iya tafiya a kan dunduniya, zai iya a kan yatsu, zai iya tsayuwa da ƙafa ɗaya, zai iya tsugunawa ya tashi, duk ba tare da ƙwaya ba. Na uku: igiya mai ƙarfi da bel, wanda ya iya ya koya masa ɗauri, da mutum a ƙasa.

35/ In ɗaya ya ɓace cikin ukun nan, ƙasa ta ishe shi. In kuwa laka ta taɓu, ko an sa masa ƙarfe a baya, to hawan kuka da turaku ba igiya ya ƙare, sai dai a ba jikoki labari. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

36/ Wurin duba wannan ba a wata ƙasa yake ba. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan cikin Kano tun 1959, ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin ƙashi uku na ƙasa, tare da na Igbobi a Legas da na Enugu. Ga asibitin Malam Aminu Kano. Daga Makoda ta hanyar Dambatta, ba ka yin awa biyu a mota.

37/ Masu ɗori, ina girmama ku, da yawanku gado kuka yi. Amma baya ba hannu ba ne. Ranar da baffa ya faɗo, a babur aka sa shi tsakiyar mutum biyu aka kai shi wurin wani mai ɗori, aka ja, aka danna. Da ɓallin ƙashi ya matsa kaɗan zuwa laka, da yanzu wani zaren nake rubutawa.

38/ Ku riƙe wannan ko da shi kaɗai kuka ɗauka. Wanda ya faɗo daga sama, kada a zaunar da shi, kada a ce "tashi mu gani", kada a naɗe shi a babur ko a Adaidaita Sahu. A ciro ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum uku ko huɗu su ɗora shi a miƙe, ɗaya na riƙe da kai, sai mota.

39/ Kuma ko bayan an dawo gida: in fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba a sani ba, in bayan gida na kufcewa, in tsakanin cinyoyi ya mutu ba ya jin taɓi, in ƙafa na ƙara mutuwa, a tafi asibiti a ranar. Ba gobe ba, ba bayan cin kasuwa ba. Awanni ake ƙirgawa.

40/ Saura tambayar geron. Amsarta na hannunmu, mu masu ƙafa lafiya. Yawancin ɗorawa da mangwaro da 'ya'yan gawo ana iya kaɗo su daga ƙasa da doguwar gora da maƙata ko lauje a bakinta. Ya fi cin lokaci, ƙwarai. Amma ba a taɓa kai mai gora Dala a kan ƙyaure ba.

41/ Kuka ma ba dole sai an hau ta ba. A Mali masu binciken itatuwa na ICRAF sun daɗe suna koya wa manoma shuka kuka a lambu kamar zogale, ana tsinkar ganyenta tana gajera, a tsaye a ƙasa. Mu da ke da dam ɗin Tomas a kusa da masu noman rani, me zai hana?

42/ Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako ga ta nan a yankinmu. Ɗalibanta, ga aikin kammala karatu a ƙofar gida: lambun gajerun kuka, da koya wa masu hawa ɗaurin igiya. Ƙungiyoyin ɗalibai na Makoda da Dambatta, kuɗin da muke kashewa a walimar Sallah zai sayi bel da igiya nawa?

43/ Mutumin da ya shekara ashirin yana hawa ya san wace bishiya ce ta ruɓe a ciki, wane reshe ake sara, wane ake bari don baɗi. Wannan ilimi ne. A biya shi ya tsaya a ƙasa yana nuna wa matasa, su kuma a ɗaure. A sa shi a cinikin garin kuka da kalwa. Bai zama rago ba, ya zama malami.

44/ Kai kuma mai gawo, in da gaske tausayinsa kake ji, ba shi aikin da zai yi a ƙasa ka biya shi. In kuwa ganye kawai kake so, kuma ka tabbata hawa ba komai ba ne, ga bishiyar nan, gonarka ce, kai ma Allah ya ba ka ƙafa biyu. Bisimilla.

45/ 'Yan majalisa, kalma ɗaya nake roƙo ku ajiye: rago. Mutum na iya jure ciwon baya, ya kasa jure dariyar sa'anninsa. Da yawa ba yunwa ce ke mayar da su sama ba, kunya ce. In ba za ku auna masa gero ba, ku bar masa bayansa.

46/ Na gama. Wanda ke da ja, ga fili, amma ya zo da hujja, kada ya zo da bidiyo mai kiɗa. Ku tura wa duk wanda ke da mai hawa a gidansu, musamman lamba 38 da 39. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare masu neman halali a sama da ƙasa. Amin.